Cin Ruwa, Farce Mai Kauri da Ƙaiƙayin da Ya Ƙi Tafiya: Amsa Ga Mai Wankin Mota a Jidda

"Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne ɗan shekara 46, ina zaune a Jidda, shekara tara ke nan ina aikin wankin mota. Tun da safe nake sa dogon takalmin roba, ba na cire shi sai lokacin salla. Tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari, yana saɓa yana wari, farcen babban yatsa kuma ya yi kauri ya koma rawaya, yana marmashewa idan na zo yankewa. Bara ƙaiƙayi ya fito mini a matsematsi. Na sayi wani man shafawa a saidaliyya, wato kantin magani, kwana uku ya lafa, amma duk sanda na daina sai ya dawo ya fi da faɗi. Yanzu kuma ɗana mai shekara 7 gashi ya zube masa a wuri ɗaya kamar an ɗora kwabo. Wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce a jini yake. Mene ne wannan, kuma yana warkewa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaron. Abubuwa huɗu ka lissafa, kuma na fahimci kana kallonsu kamar cututtuka huɗu ne suka taru maka a gida ɗaya: cin ruwa a tsakanin yatsu, lalacewar farce, ƙaiƙayin matsematsi, da makero a kan yaro. Bisa yadda ka siffanta su, ukun farko cuta ɗaya ce da ta yi rassa a jikinka, na huɗun kuma danginsu ɗaya ko da ba a wurinka yaron ya ɗauka ba. Suna warkewa duka. Abin da ya sa naka ya daɗe shi ne kana ta fama da reshen da ya fi damunka, wato ƙaiƙayin, alhali rumbun cutar yana can ƙarƙashin farce ba a taɓa shi ba, sannan man da kake shafawa ina kyautata zaton yana ƙara mata ƙarfi ne.

Mene ne asalin cutar

Ka san funfunar da ke fitowa a kan burodi ko tuwon da aka rufe aka manta. Akwai wasu 'yan danginta da ba su da abinci sai keratin, sinadarin da aka gina farce da gashi da busasshen saman fata da shi. Idan ka je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda, kalmar Larabcin da za ka ji likita ya faɗa ita ce fiɗriyyat. Wadda ta fi kama ƙafa da farce da matsematsi a duniya sunanta Trichophyton rubrum, kuma daga mutum zuwa mutum take yawo, a cikin ɓurɓushin fatar da ke zuba a daɓen banɗaki, a silifas ɗin da kowa ke zurawa, a tawul, a abin yanke farce. Tunda matacciyar fata take ci, a saman jiki take tsayawa ga mai lafiya, ba ta shiga jini. Don haka maganar "a jini yake" ba ta da tushe, kuma duk maganin wankin jini ko na wankin ciki da za ka sha, kuɗinka ne kawai zai tafi. Haka nan allurai da kafson da ake ba mutane da sunan maganin sanyi an yi su ne don bakteriya, ba sa yi wa wannan komai.

Abu uku take so: ɗumi, laima, da wurin da iska ba ta shiga. Cikin takalmin roba a bazarar Jidda, inda iskar teku ke hana gumi bushewa ko da dare, ya haɗa mata duka ukun. Fatar tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ita ce ke fara jiƙa ta yi laushi, nan take fara zama. Idan ta shekara ba a kore ta ba, sai ta bi ta bakin farce ta shige ƙarƙashinsa, tana ci tana tara gari, farcen yana ɗagowa yana kauri. Daga ƙafa zuwa matsematsi kuwa hanya biyu ce: hannun da ya sosa can ya sosa nan, da gajeren wandon da ke goge ƙafa kullum kafin ya hau. Shi ya sa nake ce wa masu irin larurarka su riƙa sa safa kafin su sa wando. Warin da kake ji yawanci na bakteriya ne da suka samu fata a jiƙe suka yi haya tare da ita.

Batun man da ke lafar da ƙaiƙayi a kwana uku

Nan ne ya fi damuna a wasiƙarka. Maganin funfuna na gaskiya ba ya share tabo a kwana uku. Man da ke yin haka, a mafi yawan lokuta, akwai kotizon a cikinsa, ko shi kaɗai ko an gauraya shi da maganin funfuna da na bakteriya a bututu ɗaya. Aikin kotizon shi ne ya kwantar da martanin da fata ke mayarwa, ja ya dushe, ƙaiƙayi ya tsaya. To wannan jan da ƙaiƙayin su ne alamar jiki yana faɗa da cutar. Idan aka sa masu gadi barci, sai ta bazu hankali kwance, ta bi ramukan gashi ta yi ƙasa, ranar da ka daina shafawa kuma ta bayyana da faɗin da ta yi a ɓoye.

Wani direba ya taɓa zuwa wurina da leda a hannu, ya zazzage ta a kan tebur: bututu bakwai, duk an matse su sun lanƙwashe, na man da ya yi wata takwas yana shafawa. Da na duba shi, zoben da muka saba gani, mai tudun baki da tsakiya mai haske, ya ɓace. Sai wani faffaɗan duhu daga cinya har cibiya da ɗuwawu, fatar ta yi siriri tana sheƙi har ana hango ƙananan jijiyoyi, ga nankarwa ta tsaga cinyoyin biyu kamar ta mai ciki. Cutar ta warke bayan ya sha magani na makonni. Nankarwar tana nan, domin ita ba ta komawa. Fatar matsematsi da ta hammata da ta fuska sirara ce, ta fi ko'ina saurin shan wannan lahani, kuma matan da ke shafa man bilicin suna faɗawa cikin irin wannan, saboda da yawa daga cikin mayukan kotizon mai ƙarfi ne ke sa su haske.

Kotizon magani ne mai amfani a wurinsa, muna rubuta shi kullum ga masu kirci da borin jini. Kuskuren shi ne ɗora shi a kan funfuna. Ka ɗauki bututunka ka koma wurin mai saidaliyya ka tambaye shi kai tsaye ko akwai kotizon a ciki. Idan akwai, ka ajiye shi. Ka sani kuma cewa kwanakin farko bayan ka daina, ƙaiƙayin zai taso fiye da da, kuma a daidai nan ne mutane suke karaya su koma wa bututun.

Akwai wani dalilin da ya sa muke tsananta wannan magana yanzu. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin waɗannan gaurayayyun mayuka ba tare da takardar likita ba, wani nau'i ya bayyana wanda sau da yawa ba ya jin tabinafin, babban maganin da muke taƙama da shi. An raɗa masa suna Trichophyton indotineae a 2020, kuma ya riga ya bi matafiya ya shiga ƙasashe da dama. A garin da ma'aikata daga ko'ina suke kwana ɗaki ɗaya suna wanka a banɗaki ɗaya, dole likita ya riƙa tuna shi idan ya ga makero mai faɗi da ya ƙi magani. Shi itirakonazol ake ba shi, kuma yakan ɗauki makonni masu yawa.

Fata: abin da ya fi sauƙi

Idan babu matsalar farce, cin ruwa da ƙaiƙayin matsematsi man shafawa ya ishe su. Tabinafin, wanda ake sayarwa da sunan Lamisil, ana shafa shi mako ɗaya zuwa biyu. Kulotirimazol, wato Canesten, ko maikonazol, wato Daktarin, sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu, kuma ƙafa takan buƙaci huɗun. A wanke wurin, a busar da shi sosai, a shafa siriri har a zarce bakin tabon da kamar faɗin yatsa biyu, domin cutar ta fi rai a gefe. Bayan ido ya daina ganin komai a ci gaba na mako guda ko biyu. Nistatin, da wasu ke ba abokansu, na wata funfunar ne daban mai suna kandida, ba ya kashe wannan.

Ina roƙonka kada ka bari a shafa maka man birki, ruwan batir, ko ruwan bilic na wanki, waɗanda na san suna kusa da hannu a wurin aikinku kuma na ga ƙunar da suke yi. Dakakkiyar tafarnuwa ma idan aka ɗaure ta a fata ta kwana tana tayar da bororo. Duk waɗannan saman fata suke ƙonawa su bar gyambo, cutar kuma ta ci gaba daga gefe.

Farce: inda haƙuri yake

Farce kamar rufin kwano yake a kan cutar, man shafawa ba ya ratsa shi. Idan lalacewar ba ta kai rabin farce ba, ba ta kuma taɓa gindinsa ba, ana iya gwada maganin da ake shafawa kamar jan farce, irin amorolfin da ake sayarwa da sunan Loceryl, sau ɗaya ko biyu a mako bayan an goge saman farcen, na wata tara zuwa shekara a ƙafa. Nasararsa ba ta kai ta ƙwaya ba. Yana kuma barin wani siririn rufi a kan farce, wanda ya sa masu zuwa wurina suke tambayar hukuncin alwala. Abin da nake iya faɗa shi ne yadda maganin yake, hukuncin kuwa na malamai ne, sai a kai musu bayanin su yi fatawa.

Farcen da ya yi kauri yana marmashewa kamar naka, ƙwaya yake buƙata. Amma kafin a sha, ina so a tabbatar, domin kusan rabin faratan da suka lalace ba funfuna ce ta lalata su ba. Takalmin da ke dukan babban yatsa shekara da shekaru yana sa farce kauri, cutar fata mai ɓamɓaroki da ake kira soriyasis tana yin haka, tsufa da ƙarancin gudun jini ma suna yi. Gwajin ba shi da zafi: a yanke ɗan farcen, a kankaro garin da ke ƙarƙashinsa, a ɗiga masa sinadarin da ke narkar da keratin ya bar zaren funfunar a fili a ƙarƙashin madubin likita. Idan ana son sanin nau'inta sai a shuka ta a ɗakin gwaji ta tsiro, sakamako ya fito bayan mako biyu zuwa huɗu. Wata uku na shan maganin da hanta ce ke sarrafa shi ba abin da za a shiga da zato ba ne.

Idan gwaji ya tabbatar, zaɓin farko shi ne tabinafin miligiram 250, ƙwaya ɗaya a rana, mako 6 ga farcen hannu, mako 12 ga na ƙafa. Sau ɗaya ake sha, don haka ko azumi ya riske ka sai ka mayar da shi lokacin buɗa-baki. Akan duba lafiyar hanta ta gwajin jini kafin a fara. Wasu sukan ji tashin zuciya ko ɓacin ciki, wasu ɗanɗanon abinci ya ɗauke musu na ɗan lokaci. Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ƙuraje suka feso masa a jiki, ya tsaya nan take ya koma asibiti. Wannan ba ya yawan faruwa, amma mai ciwon hanta tun asali ba a ba shi. Zaɓi na biyu itirakonazol ne, wanda akan sha miligiram 200 safe da yamma na mako ɗaya a huta mako uku, zagaye biyu ga hannu, uku ga ƙafa. Kafsonsa bayan cikakken abinci ake sha. Ba a ba mai raunin zuciya, ba a ba mai ciki, kuma yana rikici da magunguna da yawa, har da wasu na rage kitsen jini irin simbastatin, saboda haka ka faɗa wa likita duk abin da kake sha. Ƙwayar ketokonazol da aka saba bayarwa a da, hukumomin magunguna na Turai da Amurka sun taƙaita ta tun 2013 saboda illarta ga hanta. Idan wani ya miƙo maka ita don farce, kada ka karɓa.

Ga inda mutane suka fi yanke ƙauna. Ranar da ka shanye ƙwaya ta ƙarshe, farcenka zai kasance da muninsa. Maganin ba ya gyara ɓangaren da ya riga ya mutu, sabon da ke tsirowa daga gindi yake karewa. Farcen hannu yana tsawo kamar milimita 3 a wata, na ƙafa bai kai rabin haka sosai ba, don haka babban yatsa yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya sauya gaba ɗaya. Abin da nake yi wa marasa lafiyata shi ne in ɗan zana layi da bakin reza a kan farcen, daidai iyakar mai kyau da maras kyau. Idan bayan wata uku layin ya matsa gaba kuma abin da ke bayansa garau ne, magani ya ci. Idan rawayar ta tsallako layin ta nufo gindi, sai mu sake shawara. Kai ma kana iya ɗaukar hoton yatsan da wayarka duk farkon wata ka riƙa gwadawa. A gwajin da aka yi wa tabinafin kafin a amince da shi, kusan mutum 7 cikin 10 funfunar ta mutu a farcen ƙafarsu, amma waɗanda farcen ya koma sumul kamar ba a taɓa ba ba su kai 4 cikin 10 ba. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka ɗauka an cuce ka idan ɗan kauri ya rage. Cire farce da tiyata, wanda wasu ke roƙona, ba ya warkar da cutar shi kaɗai, sabon yakan fito da ita. Rage kaurinsa da goge shi dai yana taimaka wa magani.

Wani alheri a nan shi ne ƙwayar da za ka sha don farce za ta share na tsakanin yatsu da na matsematsi a tafiya ɗaya.

Yaron

Makeron kai a cikin silin gashi yake zama har ƙasan rami, shi ya sa gashin ke karyewa daga tushe, kuma shi ya sa duk man da za a shafa masa ba zai isa wurin ba. Dole ne ya sha magani, gwargwadon nauyinsa, ba rabin ƙwayarka ba. Girisiyofulbin, wanda ake amfani da shi tun 1958, ana ba da shi mako 6 zuwa 8 tare da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Tabinafin yakan wadatar a mako 4 idan nau'in da yara ke ɗauka a junansu ne, ta hula da matashi da mataji da injin aski. Idan kuwa daga kyanwa ya ɗauka, kuma ka san yadda yaranmu suke wasa da kyanwoyin lungu, girisiyofulbin ya fi ci. Wannan ma dalili ne na yin gwaji. A haɗa masa da sabulun wanke kai na ketokonazol, irin Nizoral, sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar, don rage yaɗuwa ga 'yan'uwansa, waɗanda su ma ya kamata a duba kawunansu. Ka saya masa injin askinsa idan da hali. Idan wurin ya kumbura ya yi tudu yana tsattsafo da ruwa kamar maruru, kada a kai shi a tsaga, martanin jiki ne mai ƙarfi ga cutar, kuma jinkirin magani a wannan hali yana iya barin sanƙo na dindindin.

Yadda za ka hana ta dawowa

Aikinka ba zai canza ba, don haka takalmin ne zai canza. Ka mallaki ƙafa biyu kana musanyawa, wanda ya huta a buɗe bakinsa a rana ya bushe har ciki. Safa ta auduga, a sauya ta da azahar, a wanke ta da tawul da gajeren wando a ruwan da ya kai digiri 60, domin ruwan sanyi ba ya kashe irin cutar. Alwala ba ta da laifi, tsettsefe yatsu ma tsafta ce. Laifin yana wurin mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin roba sau biyar a yini. Ka riƙa ajiye mandil, wato hankici, a aljihu, ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa safa, ka kuma riƙe silifas ɗinka na kanka a wurin alwala. Ko bayan warkewa, shafa man funfuna a ƙafa sau ɗaya ko biyu a mako yana rage dawowarta ga mai aiki cikin ruwa. Uwargida ma ta duba ƙafarta, don gida yakan riƙa mayar wa juna.

Duk wannan na gina shi ne a kan wasiƙa, ban ga fatarka ba. Ƙaiƙayin matsematsi yana iya zama kandida, ko wata cutar bakteriya da ke yin jan haske idan aka haska ta da fitila ta musamman, ko soriyasis, kowanne da maganinsa. Kuma a shekarunka, da cuta mai naci a wurare uku, ina so a auna maka suga, musamman gwajin da ke nuna na wata uku, wanda a nan suke kira tarakumi. Ga mai ciwon suga, 'yar tsagar da ke tsakanin yatsu ƙofa ce da bakteriya ke bi su kumbura ƙafa. Idan ka wayi gari ƙafar ta yi ja ta yi zafi ta kumbura, ko zazzaɓi ya biyo baya, wannan na ranar ne, ba na jiran albashi ba.

Ka nemi likitan fata, da katin ta'amin ɗinka, wato inshorar lafiya, idan kana da shi. Ka daina shafa komai a wuraren kamar mako biyu kafin ka je don kada gwaji ya fito babu alhali akwai, kada ka yanke farcen, kada kuma a sa masa lalle, domin yana ɓoye launin da muke dubawa. Ka tafi da bututun da kake shafawa da duk wani maganin da kake sha, ka riƙo hannun yaron a duba ku rana ɗaya.